Doki 495 sun kamo doki 755: yadda Corvette ta sake haihuwa

Duk inda aka zauna hirar motocin gudu, tambayar farko ita ce doki nawa ne. Da an faɗi lamba sai a rufe magana, mai babbar lamba ya ci gari. Ni kuwa akwai wani lissafi da nake so mai wannan ra'ayi ya warware mini. A shekarar 2019 kamfanin Chevrolet na Amurka yana sayar da Corvette ZR1 mai ƙarfin doki 755, wadda ke tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 96 a awa cikin daƙiƙa 2.85. Da shekara ta zagayo sai ya fito da sabuwar Corvette, wadda ake kira C8, kuma samfurinta na farko, Stingray mai doki 495, ta yi wannan tashin cikin daƙiƙa 2.9. An zare doki 260 cur, amma tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba. To ina waɗannan dawakai 260 suke zuwa a tsohuwar motar?

Ba su taɓa isa kwalta ba. Ko dai su ƙone su zama hayaƙin taya, ko kwamfutar motar ta riƙe musu linzami don kada bayan motar ya juya da direba.

Duk ƙarfin da inji ya samar, ko doki dubu ne, ba shi da hanyar isa ƙasa sai ta ɗan wurin da taya ta taɓa titi. Ka duƙa kusa da kowace mota ka duba, wurin bai wuce faɗin tafin hannu ɗaya ko biyu ba. Abin da wannan ɗan wuri zai iya riƙewa ya dogara da irin robar da kuma nauyin da ke danne ta. Wanda ya taɓa ganin a-kori-kura ba kaya ta kafe a yashi ya san wannan. Tayoyin baya na ta wulwulawa, direba na ƙara wuta, ba abin da ke tashi sai ƙura. Sai mutum huɗu su ɗare baya su zauna saitin tayoyin, nan take ta kama ƙasa ta fice. Ba a taɓa injin ba, nauyi kawai aka kai inda ake bukatarsa.

Tun da aka fara ƙera Corvette a 1953 har zuwa 2019 injinta a gaba yake, tayoyin baya ke turawa. Injiniyoyin General Motors, uwar kamfanin Chevrolet, sun yi shekaru suna dabarun rage wannan matsala. Sun ja injin baya har ya wuce saitin tayoyin gaba. A 1997 suka cire giya daga jikin injin suka kai ta can baya tsakanin tayoyin da ke turawa. Da haka suka samu nauyin motar ya rabu kusan rabi da rabi, abin da ya yi kyau ƙwarai a kwana. Amma rabin nauyi a kan tayoyin baya bai isa ya danne doki 755 ba. Tadge Juechter, babban injiniyan Corvette na lokacin, ya fito fili ya ce tsarin inji a gaba ya kai iyakarsa.

A C8 sai aka ɗauke injin aka sa shi bayan kujerar direba, gaban tayoyin baya kaɗan, aka tura direban gaba da kusan santimita 42. Yanzu kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin motar yana kan tayoyin baya tun tana tsaye. Da an taka totur, motar ta ɗan zauna da baya kamar yadda kowace mota ke yi, ƙarin nauyi ya sake komawa can. A birki ma akwai riba. Motar da injinta ke gaba, idan aka taka birki da ƙarfi, nauyi yakan taru a hanci, tayoyin gaba su ɗauki kusan dukkan aikin. Wadda nauyinta ke baya kuwa, idan ta sunkuya gaba sai nauyin ya daidaita a kan tayoyi huɗun, kowace ta yi rabonta.

Mutumin da ya mutu bai gani ba

Wannan tunani ba sabo ba ne a gidan. A watan Janairun 1953, da aka baje kolin Corvette ta farko a otal ɗin Waldorf-Astoria da ke New York, cikin masu kallo akwai wani injiniya mai suna Zora Arkus-Duntov, haifaffen Beljiyam wanda ya tashi a Rasha. Surar motar ta burge shi, abin da ke ƙarƙashin bonet bai burge shi ba: inji mai silinda shida da doki 150, da giya otomatik mai hawa biyu kacal. Ya rubuta wa kamfanin wasiƙa, suka ɗauke shi aiki a wannan shekarar. Guda 300 aka ƙera a 1953 a garin Flint na jihar Michigan, dukkansu farare masu jan ciki, da bodin faiba maimakon ƙarfe.

Duntov ɗan tsere ne da kansa. Ya ci ajinsa a gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa a 1954 da 1955, cikin Porsche 550 mai inji a tsakiya, saboda haka ya ji bambancin a jikinsa. A 1957 motar tserensa, Corvette SS, ta shiga gasar Sebring, zafin injin da ke gaba ya dinga gasa direba a cikin kujera kafin motar ta fita daga gasar bayan zagaye 23. Daga nan ya tsaya kai da fata cewa inji ya koma bayan direba. Ya ƙera motar gwaji CERV I a 1960, ya bi ta da CERV II a 1964, aka yi ta yin wasu bayansu. Kowane karo shugabannin kamfani sai su duba kuɗin da za a kashe, su duba yadda ta gaban ke saye kamar tsire mai zafi, su ce a dakata. Ya yi ritaya a 1975, ya rasu a 1996, tokarsa tana ajiye a gidan tarihin Corvette da ke Bowling Green a jihar Kentucky, tsallaken hanya daga masana'antar da ke ƙera motar tun 1981. An sake tayar da maganar kafin rikicin tattalin arzikin 2008, sai General Motors ya durƙushe a 2009, shirin ya bi ruwa. Sai ranar 18 ga Yulin 2019 aka yaye wa C8 mayafi a Tustin da ke California, shekara 23 bayan mutuwar wanda ya fara roƙonta.

Abin da ya girgiza mutane a ranar, bayan surar, shi ne farashi: dala 59,995. Ferrari mai inji a tsakiya a lokacin ta ninka wannan sau huɗu.

Mayar da inji baya ba kyauta ba ne, yana zuwa da nasa haraji. Injin ya ɓuya a inda iska ba ta buge shi kai tsaye, don haka lagireto suna can gaba a gefe biyu na hanci, bututun ruwa ya ratsa tsawon motar ya dawo, aka kuma buɗe manyan kafofi a gefen ƙofofi. Tun da rufin motar ana cire shi, ba a iya dogara da shi wajen ƙarfin jiki ba, sai aka gina wani ƙaton rami na alminiyam tsakanin kujeru biyu ya zama kamar ƙashin bayan motar. Giyar hannu ta tafi gaba ɗaya, kuma wannan ya yi wa masoyan motar da yawa ciwo. Ni ma ina ganin an yi asarar wani abu, domin akwai daɗin da ke cikin haɗa ƙafa da hannu da kunne wajen sauya giya wanda maɓallin bayan sitiyari ba ya bayarwa. Amma abin da ya maye gurbinta ya cancanci a tsaya a kansa.

Giya ce mai hawa takwas da kuloci biyu, ƙirar kamfanin Tremec. Ka ɗauka akwatin giya biyu ne a cikin kwanso ɗaya. Kuloci na farko yana riƙe da giya ta 1, 3, 5 da 7, na biyu yana riƙe da 2, 4, 6 da 8. Lokacin da motar ke tafiya a giya ta biyu, ta ukun ta riga ta shiga, tana jira kawai a kama kulocinta. Idan lokaci ya yi, ɗaya yana saki ɗaya yana kamawa a tare, turawar ba ta yankewa. Wani kaso na daƙiƙa 2.9 ɗin nan daga nan ya fito.

Baƙin mai ma sai da aka sake masa gida. A mota ta yau da kullum yana kwance a kwanon da ke ƙarƙashin inji, famfo yana zuƙa daga nan. Ka ɗauki kwano cike da ruwa ka sha kwana da gudu, ruwan zai tattaru gefe guda. Haka mai ke yi a kwana mai tsanani, bakin famfo ya zuƙi iska, kuma 'yan daƙiƙoƙi ba mai sun isa su kashe inji. A C8 famfuna suna kwashe man daga ƙasan injin nan take su kai shi wani tanki na dabam, daga can ake tura shi. Da babu zurfin kwano a ƙasa, injin ma ya samu ya zauna kusa da titi.

Injin da Amurkawa ba su saba da shi ba

Injin Stingray, wato C8 ta farko, sunansa LT2, kuma jikan tsohon gida ne. Lita 6.2, silinda takwas a jere biyu masu siffar V, wato V8, da kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ɗaya tilo a tsakiya yana tura bawul 16 ta dogayen sanduna. Tsarin nan ya samo asali daga injin da Ed Cole ya jagoranci ƙerawa a 1955. Ƙarami ne a jiki, ba shi da tsadar ƙira, yana da ƙarfin ja tun daga ƙasa. Iyakarsa ita ce ba ya son juyi mai yawa, a 6,500 a minti yake tsayawa.

A nan ne ya kamata a bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai ƙarfin murɗawa, wato yadda inji ke murɗa sandarsa a kowane juyi. Akwai ƙarfin doki, wanda shi ne murɗawar idan aka ninka ta da saurin juyin. Kamar 'yan dako biyu ne. Ɗaya yana ɗaukar buhu biyu a sawu amma yana tafiya a hankali, ɗayan buhu ɗaya da rabi yake ɗauka amma da gudu yake zuwa ya dawo. Da yamma na biyun na iya fin na farko kaya. Hanyar Amurkawa ta gargajiya ita ce ɗan dako na farko: ƙara girman inji, ko a ɗora masa famfon cusa iska wanda bel ke juyawa, kamar yadda aka yi wa ZR1 ta 2019.

Da aka zo ƙera Z06, samfurin C8 da ya fi Stingray ƙarfi, wadda aka nuna a Oktoban 2021, sai suka ɗauki hanya ta biyu. Injinta, LT6, ya fi na Stingray ƙanƙanta, lita 5.5 ne. Murɗawarsa ma ta yi ƙasa kaɗan, 623 a ma'aunin Newton-mita, na Stingray kuwa 637. Amma yana juyi har 8,600 a minti, kuma a 8,400 yana ba da doki 670 ba tare da wani abin cusa iska ba. Babu wani V8 mai shaƙar iska da kansa da aka taɓa sa wa motar kasuwa da ya kai wannan. Wanda ya riƙe kambun kafin shi na Mercedes SLS AMG Black Series ne mai doki 622.

Ka tsaya ka auna 8,600 ɗin nan. Juyi 143 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Kowane fistin yana tsayawa cak ya juya akala kusan sau 287 a daƙiƙa. Kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 72. Kafin ka ce "bismillah" an kunna wuta a cikin injin sama da sau ɗari biyar.

Sirrin yana cikin karanshaf, sandar ƙarfen da fistin takwas ke haɗuwa su juya. Idan ka ɗaga karanshaf na V8 ɗin Amurka ka leƙa shi ta baki kamar mai leƙen bututu, za ka ga gwiwoyinsa huɗu sun fuskanci kusurwa huɗu, gabas, yamma, kudu da arewa. Cadillac ne ya shigo da wannan tsari kasuwa a 1923 domin yana kashe girgiza, injin ya yi laushi. Sai dai yana bukatar manyan dunƙulen ƙarfe don daidaita nauyi, kuma abu mai nauyi ba ya saurin ɗaukar juyi. Ga kuma wata matsala a tsarin kunna wuta. Maimakon jeren hagu da na dama su riƙa karɓeɓeniya, abin yakan zo haka: hagu, dama, hagu, dama, dama, hagu, dama, hagu, sannan hagu kuma. A kowane zagaye akwai inda silinda biyu na gefe ɗaya ke fitar da hayaƙi a jere cikin bututu ɗaya, kamar mutum biyu da suka isa ƙunƙuntar ƙofa lokaci guda. Wannan cunkoson shi ne gurnanin nan mai kauri da ake gane motar Amurka da shi tun daga nesa. Sautin da mutane ke ƙauna, a wurin injiniya alamar numfashi ne da ba ya fita daidai.

Karanshaf na LT6 kuwa, in ka leƙa shi, gwiwoyin sama da ƙasa kawai suka fuskanta, a shimfiɗe suke kan layi ɗaya. Haka Ferrari ke yi. Wuta tana kamawa hagu, dama, hagu, dama, ba tsallake. Hayaƙin kowace silinda yana fita da tazara iri ɗaya, kuma idan ya wuce da gudu yakan bar wani ɗan gurbi a bayansa wanda ke janyo na silinda ta gaba. Da aka haɗa wannan da akwatunan shaƙar iska guda biyu masu ƙofofi a tsakaninsu da ke buɗewa gwargwadon juyi, sai injin ya kai ga cusa wa silinda iskar da ta fi cikinta yawa, ba famfo ba komai, da kaɗawar iskar kanta.

To me ya hana kowa yin haka? Girgiza. Saboda karkatar kwanrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, fistin ya fi sauri a rabin tafiyarsa na sama fiye da rabin ƙasa. A karanshaf mai kusurwa huɗu wannan bambanci yana cinye juna tsakanin silinda. A shimfiɗaɗɗe kuwa taruwa yake yi, ya riƙa kaɗa injin gefe da gefe sau biyu a kowane juyi. Gwargwadon girman fistin da tsawon tafiyarsa, gwargwadon tsananin kaɗawar. Shi ya sa irin waɗannan injina ba su cika girma ba. Na Ferrari 458 lita 4.5 ne. Ford ya gwada lita 5.2 a Mustang Shelby GT350. Chevrolet ya je 5.5, inda ba wanda ya taɓa zuwa a motar kasuwa. Injiniyoyin sun ba da labarin cewa sun sayi injin wata Ferrari 458 da ta yi haɗari, suka kwance shi ɗaya bayan ɗaya suna nazari. Sun kuma ce a gwajin farko girgizar ta riƙa warware filtar mai daga mazauninta, har sai da suka canza ta zuwa irin wadda ake rufewa cikin gida da noti.

Maganin da suka yi shi ne rage wa duk abin da ke hawa da sauka nauyi da tafiya. Faɗin silinda ya zama milimita 104.25, tafiyar fistin kuma aka gajarta ta zuwa milimita 80, alhali ta Stingray 92 ce. Kwanrod na titaniyam ne. Faɗin silinda ya ba da wurin bawul huɗu a kowace, 32 ke nan, da kamshaf huɗu a sama suna danna su ta 'yan gajerun yatsun ƙarfe, ba doguwar sanda a tsakani da za ta lanƙwashe a irin wannan sauri. Tazarar bawul a masana'anta ake saita ta da siraran faranti, kuma an tsara ta ta kai ƙarshen rayuwar injin ba a sake taɓawa ba. Bawul na shaƙa titaniyam ne. Na fitar da hayaƙi kuwa, wanda ke zaune cikin wuta, sandarsa rami ce a ciki an zuba mata sinadarin sodiyam. Sodiyam yana narkewa a zafin digiri 98, saboda haka da inji ya ɗumama sai ya zama ruwa, yana kai da komo a cikin sandar tare da motsin bawul, yana ɗebo zafi daga kan yana kai shi sama inda ruwan sanyaya zai karɓe. Ina jin wannan ɗan abu, da ba mai motar da zai taɓa gani da ido, ya fi kowace lamba nuna irin tunanin da aka zuba a injin.

Abu ɗaya suka bari daga tsohon gida: tazarar da ke tsakanin tsakiyar silinda da ta kusa da ita, inci 4.4, daidai da injin 1955. Kuma kafin a sayar wa kowa, ɗan'uwan wannan inji ya yi tsere a motar gasar Corvette mai suna C8.R tun 2020, ta kuma lashe kambun ajinta a gasar IMSA ta Amurka a wannan shekarar. Kowane LT6 mutum ɗaya ne ke haɗa shi da hannu daga farko har ƙarshe a Bowling Green, sannan a manna faranti mai sunansa a kan injin.

Sautin ya canza gaba ɗaya. Gurnani ya tafi, ihu mai kaifi ya zo, irin na motocin Italiya. Akwai tsofaffin masoya Corvette da har yau ba su yafe ba, kuma na fahimce su. Amma a wurina Z06 ita ce ƙololuwar aikin injiniya a wannan zuri'a, ta fi waɗanda suka zo bayanta da manyan lambobi, domin ita ce aka ce wa iska ta shigo da dabara maimakon a tura ta da ƙarfi.

Don ta riƙe wannan ƙarfi an faɗaɗa jikinta da santimita 9 da 'yan kai, tayoyin baya suka kai faɗin milimita 345. Shakazobarta cike take da mai mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin ƙarfe. Idan aka ba wa wayar da ke ciki lantarki, maganaɗisu ya jera ƙwayoyin, man ya yi kauri nan take, shakazoba ta yi tauri. A sauke lantarkin ta yi laushi. Kwamfuta na yin wannan ga kowace taya dabam, sau da yawa a daƙiƙa. Cadillac ne ya fara amfani da shi a 2002, Corvette ta karɓa a 2003, daga baya Ferrari ma ta saya. Akwai kuma na'urar ɗaga hancin motar da kusan milimita 40 don tsallake tudun rage gudu, tana iya haddace wurare har dubu ta ɗaga da kanta in an iso.

Sai aka koma ga iska

A Yulin 2024 aka fito da sabuwar ZR1. An ɗauki ginshiƙin injin Z06 aka ɗora masa tobo biyu, aka kira shi LT7. Tobo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya, hayaƙin da ke fita yana juya ta farko, ta biyun tana cusa iska cikin inji. Iskar da aka matse tana zafi, kuma mai a cikin zafi da matsi yakan kama da wuta tun fulogi bai ba da tartsatsi ba, abin da ke fasa fistin. Don haka aka rage matsin silinda daga 12.5 zuwa 9.8, aka sauke iyakar juyi zuwa 8,000, aka kuma sadaukar da but ɗin gaba, iska ta riƙa shiga ta hanci ta ratsa na'urar sanyaya ta fita ta saman bonet. Abin da ya fito shi ne doki 1,064, a farashin da ya fara daga dala 174,995.

A Oktoban 2024 aka sanar cewa shugaban General Motors, Mark Reuss, ya tuƙa ta da kansa a filin gwaji na Papenburg a Jamus ya kai kilomita 375 a awa, matsakaicin zuwa da dawowa. Mita 104 ke nan a daƙiƙa, tsawon filin ƙwallo guda kafin ka haɗiye yawu.

Amma duba wannan. Stingray mai doki 495 tana kai kilomita 312 a awa. An ninka ƙarfin fiye da sau biyu, gudun ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar kacal. Dalili shi ne iska ba ta ba da hanya da arha. Idan ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu, ƙarfin da ake bukata don keta ta kuwa sau takwas. Ƙarin kashi 20 cikin ɗari na gudu yana cin ƙarin kusan kashi 73 na ƙarfi, ragowar kuma faɗin jiki da faɗin taya da kafofin sanyaya suka cinye. Ita ma iskar ana sa ta aiki. Fiffiken da ke bayan motar fiffiken jirgin sama ne a kife, maimakon ya ɗaga sai ya danna. Da babban fiffike ZR1 tana samun dannawar sama da kilo 540 a ƙarshen gudunta, nauyin da ke taimakon taya ta kama ƙasa ba tare da inji ya ɗauki dakonsa a tashi ba. Sai dai fiffiken yana jan motar baya, shi ya sa Reuss ya yi nasa gudun da ƙaramin.

Daga nan tayoyin baya sun sake cika, kamar dai 2019. Sauran wuri ɗaya ya rage, tayoyin gaba biyu da ba sa turawa. Tun a Janairun 2023 Chevrolet ya gwada wannan a E-Ray: injin Stingray a baya, injin lantarki mai doki 160 a gaba, ƙaramin batir a cikin ramin nan na tsakiyar kujeru, ba wata sanda da ta haɗa gaba da baya sai kwamfuta. Jimillarta doki 655, ƙasa da na Z06, kuma ta fi ta nauyi, amma a tashi daga tsaye ta riga ta, 2.5 a kan 2.6. A 2025 aka haɗa wannan tsari da injin ZR1 aka samu ZR1X mai doki 1,250.

An kai su Nürburgring a Jamus, hanyar tsere mai tsawon kilomita 20.8 da ke hawa da gangara cikin daji, kuma injiniyoyin kamfanin ne suka tuƙa, ba 'yan tseren haya ba. Z06 ta zagaya cikin minti 7 da daƙiƙa 11.8. ZR1 ta yi minti 6 da daƙiƙa 50.8. ZR1X, da ƙarin doki 186 da tayoyi huɗu masu turawa, amma da nauyin batir da injin lantarki da dole ta shiga kowace kwana da shi, ta yi minti 6 da daƙiƙa 49.3. Daƙiƙa ɗaya da rabi ce tsakaninsu a kilomita ashirin.